Riba a Jamus, maye a Makera

Matashin Makera da ke alfahari da kwalbar giya, ko ya san wa yake wa bauta? Ɗacin cikinta na wani fure ne, hop, wanda ba a nomansa a ƙasar nan. Sunayensa ma na yankunan Turawa ne: Hallertau a Jamus, Saaz a ƙasar Cek.

Tun 1963 aka dasa kamfanin giya a Kakuri, maƙwabciyar Makera. Da aka hana shigo da sha'ir a 1988, sai aka afka wa dawar talaka, furen kuwa sai da kuɗin waje. Manomin Jamus ya kwashi riba, ɗan Makera ya kwashi maye da zunubi.

Allah Ya haramta ta, lissafi ma ya ƙi ta. Mai hankali ya farka!