Landan ba ta san mai masauki ba

Layin dogo ne ya cika Kafanchan da baƙi. Tun wajen 1927, da garin ya zama mahaɗar jiragen Fatakwal, Kaduna da Jos, Ibo da Yarbawa suka yi ta sauka da akwatunansu cikin Fantswam da Hausawa. Wanda ya sauka bai rasa mai nuna masa ɗakin haya da hanyar kasuwa ba. A wannan gari aka haifi marubuci marigayi Biyi Bandele a 1967, ɗan Yarbawan Abekuta. Ya tafi Landan a 1990 da rubutunsa a jaka, ya yi suna.

Irin labarinsa muke son ji. Na 'yar ƙanwata kuwa daban ne.

Ma'aikaciyar jinya ce, shekararta biyu a Landan. Na ɗauka sanyi zai fi damunta, ashe wadda ta sha hunturun gindin dutsen Kagoro rigar sanyi kawai take buƙata. Shiru ne ya kusa kayar da ita. Ran da ta tare, ta tsaya a matakala ta gaida maƙwabciyarta har da tambayar gida da yara. Matar ta yi murmushin yaƙe, ta ja ƙofa. Har yau ba ta san sunanta ba.

"Kawu," in ji ta a waya, "a nan ko ciwo sai ka nemi rana kafin ka ga likita. Ziyara ma haka." Ina kallonta ta bidiyo, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya yi. Gado, tukunya da garin accar da muka aika duk a ɗaki guda, hayarsa kuma na cinye kusan rabin albashi. Ita ma da sauƙi. A Maris 2024 Birtaniya ta hana sababbin masu kula da tsofaffi tafiya da iyalansu, sai aka riƙa barin miji da yara a Zonkwa ko Kwoi.

Turawa ba za su sauya hali don mu ba. Mu na gida nake tuhuma. Muna lissafin fam da naira, muna mance cewa da fam take sayen burodi. Ta nuna mini saƙonnin da suka shigo mata ranar 1 ga Janairu, ana can gida ana bikin Afan ita tana aikin dare: kuɗin makaranta, kuɗin taki, gudummawar biki. Ɗaya ne kawai ya tambaye ta ko ta ci abinci, shi ma na uwarta ne.