Goron Sabo da Danginsa na Kurmi

Duk wanda ya ratsa unguwar Sabo ta Badun ya san cewa goro da shanu su ne suka raya ta tun da aka kafa ta a 1916. Amma ɗan kasuwar da ke kwance huhu yana ware fari da ja, da wuya ya san cewa ɗan abin da ke tafin hannunsa yana da dangi fiye da iri 100, kuma dukkansu Afirka ce mahaifarsu.

Goron da Bahaushe ya saba ci, mai ɓari biyu, masana na kiransa Cola nitida. Asalinsa kurmin Saliyo ne da Laberiya da Kwaddebuwa da Gana, shi ya sa fatake suka yi ta kora jakuna zuwa Gwanja ɗaruruwan shekaru. Har yau Yarbawa na kiransa gbanja, domin baƙo ne a ƙasarsu, bai yawaita a gonakinsu ba sai a farkon ƙarni na 20, lokacin da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano. Nasu na gado shi ne abata, mai ɓari uku ko fiye, wanda ake samu daga nan har Gabon da Kwango. Namijin goro kuwa suna kawai ya ara, ba danginsu ba ne. Abin mamaki, masana sun tabbatar cewa goro gida ɗaya ya fito da koko da kuka da rimi da auduga da kuɓewa da rama da yakuwa. Watau mai miyar kuka da mai tauna goro, zumunci ɗaya suke ci.

To, yaya aka yi tsatso ɗaya ya yi rassa haka? Amsar masana ita ce rabuwa da daɗewa. Kurmi bai tsaya wuri ɗaya ba. Sau da yawa cikin miliyoyin shekaru duniya takan yi sanyi, ruwan sama ya ja baya, kurmin Afirka ya tsuke ya koma tsibiri-tsibiri a tsakiyar dajin ciyawa. Na baya-bayan nan ya auku kimanin shekara 20,000 da suka wuce, sa'ad da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai. Inda itatuwa suka sami mafaka shi ne wajen Laberiya, da tsakanin Kamaru da Gabon, da gabashin Kwango. Itacen da ya maƙale a wannan mafaka ba ya barbara da ɗan'uwansa na waccan. Kowanne sai ya bi halin ƙasarsa da ruwanta da ƙwarinta, jika bayan jika, har ya zamana in damina ta dawo kurmi ya haɗe, sun riga sun zama iri dabam. Dalili ke nan da Kamaru da Gabon suka fi ko'ina yawan dangin goro. Ko yanzu akwai irin wannan giɓi a Togo da Binin, inda dajin ciyawa ya gangaro har bakin teku ya raba kurmi gida biyu.

Sai dai farin da ya raba, shi ne kuma ya kashe. Wani ƙiyasi da aka buga a 2015 ya nuna cewa kurmin Afirka yana da itatuwa iri 4,500 zuwa 6,000, alhali kuwa na Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, da kuma na Asiya, kowanne yana da aƙalla iri 19,000. Ashe abin da Afirka ta tsira da shi kaɗan ne, bai kamata a yi sakaci da shi ba.

Ina ruwan mai gida a Sabo da wannan zance? Ruwansa ƙwarai. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman goro, amma gonaki da yawa sun tsufa, kuma itacen goro yana da wata tsiya, sau da yawa furensa ba ya karɓar barbarar kansa, sai ta wani itace da ya dace da shi. Saboda haka Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da ke Idi-Ayunre kusa da Badun, wadda aka kafa a 1964, take tara iri-iri tana gwada su. Mai neman iri mai jure cuta ko mai saurin haihuwa, dole ya koma ga dangi, dangin kuwa suna cikin kurmin da zarto ke ci kullum. Irin da ya ɓace ba a sayo shi a kasuwa.

Ya kamata shugabannin 'yan goro na Sabo da Shagamu da Kano su sa baki a maganar tsare gandun daji, su kuma matsa wa hukuma ta kai sabon dashe ga manoma. Wanda ya ci amfanin itace tun kaka da kakanni, shi ya fi cancanta ya tambayi lafiyar saiwarsa.