Ƙurar Ɗaka: Wadda Aka Aiko Mana da Wadda Muka Jawo wa Kanmu

Idan hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe duwatsun Riruwai har mai tafiya ba ya hango su sai ya zo gindinsu, babu gidan da ke tsakanin Bebeji da Doguwa da ba a jin maigida yana faɗan an bar ƙura a kan tabarma ko a bisa littattafansa, alhali uwargida ta yi shara da asuba, ta kuma sake bayan la'asar. Faɗan nan, a ganina, ba a bisa adalci yake ba, domin wanda ya san asalin ƙurar zai tarar mafi yawanta ba sakacin mace ne ya kawo ta ba.

Wani kashi nata baƙo ne daga nesa ƙwarai. A arewacin ƙasar Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, fiye da kilomita 1,000 daga Kano, wanda a zamanin da, kimanin shekara 7,000 da suka shige, ƙasan wani tafki ne makeke da Tafkin Chadi na yau bai kai ko kusa da shi ba. Da ruwan ya janye, sai ya bar farin gari, ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa waɗanda ido ba ya iya gani. Iskar da ke kurɗowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ita ke kwasar garin nan, ta haɗa shi da rairayi mai laushi da yumɓu, ta zube mana daga wajen Nuwamba zuwa Maris, saura kuma ta ƙetare teku da shi har dazuzzukan Amazon. Wannan ƙaddara ce, kuma akwai rahama a cikinta, gama tana sauka da sinadaran da ke ƙara wa gona albarka, shi ya sa manoma tun kaka da kakanni suke kyautata zato ga shekarar da hazo ya yi yawa. Amma tana da nata sharrin, don busasshiyar iska mai ƙura tana raunana hanci da maƙogwaro, kuma a irin wannan lokaci ne sanƙarau ke samun ƙofa, kamar yadda aka gani a annobar 1996 wadda ta ci rayuka fiye da 11,000 a Nijeriya.

Wani kashin kuwa a cikin ɗakin ake haifarsa: ɓarɓashin fatar jikinmu, da zaren tufafi da barguna, da ƙasar da ke zubowa daga bangon da gara ta ci, da tokar murhu, da wasu mitsi-mitsin ƙwari da ke zaune cikin katifa, masu son laimar damina, waɗanda kashinsu ke tayar wa masu asma da ciwonsu.

Sai kashi na uku, wanda shi ne maƙasudin wannan rubutu, wato ƙurar da muke jawo wa kanmu da hannunmu. Ƙasarmu ta kudancin Kano ƙasar noma ce, tun ma ba bayan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ba, saboda haka da kaka ta yi sai a yi ta sussuka da casa da sheƙa a tsakar gida, ƙaiƙayin shinkafa da na dawa yana shiga ɗaka inda jinjiri ke kwance. Ga awaki ɗaure a kusa da madafa, kashinsu yana bushewa yana zama gari. Ga hanyoyin burji da manyan motoci ke bi ranar kasuwar Kwanar Dangora. Ga kuma saran itace da ƙona gawayi a gefen dajin Falgore, wanda ke tone asirin ƙasa ya miƙa ta ga iska. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Arizona ta Amurka a 2009 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na ƙurar ɗaka daga waje take shigowa, a takalmi da tufafi da iska. To, in haka abin yake a gidajen da ke da gilashi a kowace taga, ina ga namu?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙurar ma'adinai. A 2010, a Dareta da Yargalma da Bagega da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin Zamfara, maza sun riƙa kawo duwatsun zinariya gida ana dakawa ana niƙawa, ba tare da sanin cewa akwai dalma a ciki ba, yara suna rarrafe a ƙasa suna kai hannu baka, har aka binne yara fiye da 400, Allah ya jiƙansu. A 2015 aka maimaita irin wannan musiba a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Mu da muke da Riruwai, inda ake haƙar kuza tun kafin zuwan Turawa, kuma matasa ke ta komawa ramuka a yau, wajibi ne mu ɗauki izina. Ba na cewa kowane dutse guba ne, amma mai haƙa ba shi da hanyar rarrabewa da ido, kuma shubuha a sha'anin ran yaro barinta ake yi.

Na sha jin ana cewa ai ƙasa mai tsarki ce, tun da shari'a ta halatta taimama da ita. Haƙiƙa haka ne, amma hukuncin ɗahara daban, hukuncin cutarwa daban, kuma malamanmu na usulu sun lissafa kiyaye rai cikin manyan maƙasudan shari'a.

Saboda haka ina roƙon limamai da dagatai da masu unguwanni na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su yi wa jama'a nasiha: kada a shigo da dutsen ma'adinai cikin gida, mai haƙa ya wanke jikinsa ya sake tufafi kafin ya ɗauki ɗansa, a mayar da casa da sheƙa bayan gari, a yayyafa ruwa kafin shara. Ku kuma magidanta, maimakon faɗa, ku samo wa iyalinku ruwan yayyafin, ku tuɓe takalmanku a bakin ƙofa.