Kaya na Mene Ne? Ma'aunin Rage Tarkace a Cikin Harshen Hausa

Tun daga 2011 da Marie Kondo, ƴar ƙasar Japan, ta fitar da littafinta kan tsara gida, batun rage kaya ya zama abin yayi a biranen Turai da Amurka. Ma'auninta shi ne mutum ya riƙe abu a hannu, ya duba ko yana faranta masa rai. In ba ya yi, ya rabu da shi. Yanzu wannan yayi ya iso wayoyin ɗalibai, har wasu sun fara kallon ɗakunan iyayensu mata a Arewa da idon raini. Kafin su yanke hukunci, ya kamata su saurari harshen da suke nazari, domin Hausa tana da nata ma'aunin, kuma ya fi dacewa da gari irin Sukukutane.

Ma'aunin yana cikin kalmar kaya. Tana zuwa a matsayin tilo, a ce kaya ya yi nauyi, ana nufin abin da aka ɗora a kai bisa gammo. Tana kuma zuwa a matsayin jam'i, a ce kaya sun yi yawa, ana nufin abin da aka mallaka. Ke nan ga Bahaushe mallaka da ɗawainiya suna ɗaya suka ci. Sannan sau da yawa kalmar ba ta tsayawa ita kaɗai. Mahaɗin -n yakan ɗaure ta da wani suna da ke bayyana amfaninta: kayan miya, kayan aiki, kayan ɗaki, kayan lefe. Abin da aka rasa sunan da za a ɗaure shi da shi, wasu kalmomin ke jiransa: tarkace, shirgi, karikitai, komatsai. Tambayar da harshen ya tanada ita ce: na mene ne, kuma don wa?

A gwada wannan tambaya a ɗakin wata uwa a Sukukutane, cikin gundumar Dogon Dutsi. Baƙon ido zai ga jeren kwanoni da tasoshin da ba a cin tuwo a cikinsu, ya ce tarkace ne. Ya yi kuskure. A ƙasar da gero da wake ke dogara ga damina ɗaya a shekara, kayan ɗaki su ne asusun mace. Nata ne na kanta, ba na miji ba. Daga ciki take cire wa ɗiyarta gudummawa ranar aure, kuma a shekarar ƙarancin abinci irin 2005, abin da aka jera a bango yana iya komawa tiyar hatsi. Masaniya Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta nuna yadda mata suka tsaya kan gado da kayan ɗaki lokacin da masu wa'azi suka kira su almubazzaranci, domin a nan darajar amarya da ta uwarta ke bayyana. Wanda ya ce a kwashe wannan jere don ɗaki ya sha iska, ajiyar mace ya taɓa.

Sai dai ma'aunin ba ya yi wa kowa alfarma. Akwai jeren da aka haɗa da bashi, aka sayar da akuya ko aka jinginar da gona, don kawai kada a ce ɗakin ɗiyar wance ya fi. Irin wannan, in aka tambaye shi na mene ne, amsarsa ita ce na gasa. Ya tashi daga kaya sun yi yawa, ya koma kaya ya yi nauyi, kuma uwar da ta ci bashin ce za ta ɗauka har bayan an manta da bikin. Nan ne ragewa ta zama wajibi, kuma mutanen gida su ya kamata su fara faɗa, ba littafin waje ba.

Waya ita ce sabon ɗaki. Yawancin gidajen Arewa suna da ɗan ci-rani a Najeriya, ko Kwatano, ko Abijan, kuma saƙon murya na WhatsApp ya zama wasiƙar wanda bai yi lakkwal ba. Tare da waɗannan saƙonni akwai bidiyon barkwanci da hotunan barka da Juma'a da suka zagayo sau goma. Ranar da waya ta ce ta cika, mai ita yakan goge komai a dunƙule cikin gaggawa. Ga ɗalibin kimiyyar harshe wannan asara ce babba. Muryar kakar da ta kira sunayen hatsi da na ciyayi da Arewanci tsantsa, ko ta ba da labarin Sarauniyar Lugu da yaƙin 1899 yadda ta ji shi a bakin nata iyayen, ba ta da kwafi a ko'ina. Sharar kirki ita ce a zauna a tantance: a goge abin da kowa ke da shi, a ba sauran suna da kwanan wata da sunan gari, a adana su a wuri biyu. Sashen harsuna da zai koya wa ɗalibansa wannan tun shekarar farko ya yi wa karin harshen Arewa babban aiki.

Saura kayan da ba a gani. Hausa ba ta ɓoye cewa su ma ɗauka ake yi ba: ana riƙe mutum a zuci, ana ƙullatarsa, ana ɗaukar gaba. Rikicin iyakar gona tsakanin ƴan uwa yakan wuce waɗanda suka fara shi, jikoki su gaji gabar da ba su san mafarinta ba. A tambaye ta na mene ne, ba za ta iya amsawa ba. Al'umma ta tanadi hanyoyin sauke ta: neman gafara ranar Salla, shigar dattawa tsakani, da wasan taubasai, irin na Ba'are da Bafillace, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Bambancin wannan da yayin waje a fili yake. Can ana ba mutum shawarar ya yanke hulɗa da duk wanda ke damunsa. Nan gabar ake jefarwa, a riƙe mutumin.

A rubuce, ƙugiya ɗaya ce ta raba kaya da ƙaya, ko da yake a baki tsawon wasali da karin sauti su ma sun bambanta su. Ɗalibin da ya iya jin wannan bambanci a aji, ya kamata ya iya ganinsa a ɗaki da waya da zuciya. Kuma kafin ya ce wa uwarsa ta rage jere, ya fara tambayarta ko wace tasa ta mene ce, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.