Matasa da Farfaɗo da Kurmin Gaɓar Teku

Akwai wani nau'in bishiya da ke tsirowa a inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku a ƙasashe masu zafi, ana kiran ta mangurof. Ta sha bamban da sauran bishiyoyi domin tana rayuwa cikin taɓo da ruwan gishiri, saiwoyinta kuma a waje suke, sun sarƙe da juna tamkar saƙar kwando. Idan ta yi yawa a wuri sai ta zama kurmi, wanda ke tsayawa tsakanin teku da garuruwan da ke bakinta. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, matasan waɗannan garuruwa su ne suka fi cancanta su jagoranci farfaɗo da kurmin, amma da sharaɗin a ba su ilimin aikin, a kuma bar musu ikon abin da suka raya.

Da farko, ya kamata a san abin da ake asara idan kurmin ya mutu. Saiwoyin mangurof suna karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa gari, suna kuma riƙe ƙasa don kada teku ta cinye ta. A cikinsu ne kifi da jatan-lande da ƙaguwa ke hayayyafa. Bugu da ƙari, taɓon da ke ƙarƙashin kurmin yana adana sinadarin kabon, wanda yawansa a sararin samaniya ke haddasa ɗumamar yanayi, fiye da yadda dajin tudu mai girma ɗaya da shi ke adanawa. Duniya ta ƙara farga da wannan bayan ambaliyar tsunami ta ranar 26 ga Disamba, 2004, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta keɓe ranar 26 ga Yuli ta kowace shekara domin tunawa da wannan kurmi.

Abin da ya faru a yankin Kasamans na kudancin ƙasar Senigal ya isa misali. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya ƙara wa ruwan yankin gishiri, hanyoyin mota da aka gina sun toshe wa ruwan teku mashiga da mafita, sannan ga saran itace domin girki da gini. Da kurmin ya ja baya, sai gishiri ya malalo cikin fadamun shinkafa, kifi ya ragu, samari suka fara barin ƙauyuka. A 2006, matasan ƙauyen Tobor, kusa da birnin Zigincor, tare da ƙungiyar Oceanium wadda Haidar El Ali ke jagoranta, suka dasa irin mangurof kimanin 65,000. Da maƙwabta suka ga ya kama, sai suka nemi a zo musu, domin gani ya kori ji. Daga 2009 zuwa 2012, ɗaruruwan ƙauyuka a Kasamans da Sin-Salum suka dasa sama da miliyan 70.

Dalilin yaɗuwar aikin bai rasa nasaba da yanayin bishiyar kanta. Irin mangurof ɗin da suka dasa yana fara tsirowa tun yana maƙale a jikin uwarsa, ya yi tsawo kamar ɗan sanda. Abin da ake bukata shi ne a tsinto shi, a ware mai lafiya, a jira ruwan teku ya janye, a shiga taɓo a soka shi a jere. Aiki ne da ba ya neman inji ko taki, sai ƙarfin jiki da yawan hannuwa da sanin lokacin cikar teku da janyewarta. Duk waɗannan suna wurin matasan da suka tashi a bakin ruwa. Haka kuma su ne za su daɗe suna cin amfanin kurmin, tunda bishiyar na ɗaukar shekaru kafin ta zama garkuwa.

Sai dai akwai masu sukar irin wannan gangami, kuma sukar tasu tana da tushe. A Siri Lanka, binciken da aka buga a 2017 kan wurare 23 da aka yi dashe ya nuna uku ne kacal fiye da rabin shukarsu ta rayu. A Filifin ma an yi asarar dashe mai yawa. Kuskuren kusan iri ɗaya ne: an dasa a inda ruwa ke daɗewa bai janye ba, ko an kai nau'in da bai dace da wurin ba, ko kuma an ƙirga abin da aka dasa an watse ba a koma duba shi ba. Wannan ya nuna cewa himma kaɗai ba ta raya kurmi. Wajibi ne a fara tambayar abin da ya kashe na farko. Idan hanyar ruwa ce ta toshe, buɗe ta ya fi dashe amfani, domin sau da yawa kurmin kan dawo da kansa idan ruwa ya koma gudana yadda ya saba. A nan ne matasa ke bukatar masana, da kuma dattawa da mata masu tsintar kawa, waɗanda suka san inda kowane nau'i yake a da. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sharaɗi na biyu shi ne mallaka. Matashin da aka ɗauka ƙwadagon yini ɗaya ba zai hana kowa saran bishiyar da ya dasa ba. A Gazi da ke gaɓar tekun Kenya, shirin Mikoko Pamoja ya danƙa wa al'umma kula da kurmi mai faɗin hekta 117, kuɗin da ake samu daga kamfanonin da ke biyan diyyar hayaƙinsu kuma ana zuba shi a samar da ruwan sha da littattafan makaranta. Wanda ya ga famfo a unguwarsu albarkacin kurmi ba ya bukatar a roƙe shi ya tsare shi.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan batu, domin kurmin mangurof mafi girma a Afirka yana yankin Neja-Delta. Malalar ɗanyen mai, irin wadda ta auku a Bodo a 2008, ta halaka wani sashe nasa, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Ga kuma kwakwar nifa, wadda aka shigo da ita Kalaba a 1906, tana mamaye gurbin da mangurof ya bari. A irin wannan wuri, tura matasa dashe kafin a tsabtace taɓon zalunci ne a kansu. Nauyin tsabtacewa yana kan hukuma da kamfanonin mai.

A ƙarshe, malamin makaranta yana da rawar da babu mai taka ta sai shi. Shi ne zai koya wa ɗalibi cewa nasarar dashe ana auna ta ne da abin da ya rayu bayan shekara uku ko biyar, ya kuma saba masa da aunawa da rubuta abin da ya gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ya tashi da wannan tarbiyya, ko a bakin teku yake ko a bakin hamada, idan ya dasa bishiya zai koma ya duba ta.