Wa ke riƙe hannun sabuwar ɗaliba a Dutse?

Lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ya zo, to ga wata magana da na daɗe ina son yi da 'yan uwana mata da ke jagorancin ƙungiyoyin ɗalibai, musamman ɓangaren mata na MSSN da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Poli, har da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa.

Tarbar da muke yi wa ƙannenmu ta yi kaɗan, wallahi.

Kowa ya san yadda ake yi. A sa rana ɗaya, a kama ɗakin taro, a gayyato malama ta yi wa'azi a kan hijabi da kamun kai, a raba lemo da cincin, a ɗauki hoto, a watse. Wa'azin yana da kyau, ba ni da ja a kansa. Amma yarinyar da ta taso daga Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu ai da hijabinta ta zo, tun tana firamare take sa shi. Abin da ba ta zo da shi ba shi ne sanin yadda jami'a take tafiya, kuma a nan ne ake yin asararta.

Ku ɗauki maganar sakamako kawai. Ɗalibai nawa ne 'yan aji ɗaya suka san cewa A daga maki 70 take farawa kuma tana da daraja 5, F kuma sifili ce? Nawa ne suka san kwas mai yunit 3 ya ninka mai yunit 1 sau uku wajen nauyi? Yarinya za ta ƙarar da ƙarfinta a kan ƙaramin kwas don malaminsa yana da faɗa, ta yi sakaci da babban. Kuma makin shekarar farko ba ya goguwa, da shi za a yi ta lissafi har ranar fita. Wadda ta fara da 1.8 za ta kai aji huɗu tana biyan bashin zangon da ta yi tana neman ina ne ɗakin lacca. Mai son digiri mai daraja ta ɗaya 4.50 take nema, kuma tun satin farko ake fara tara shi. Bayanin nan duka ba zai ci minti talatin ba a bakin 'yar aji uku. Me ya hana a yi?

Haka rajistar kwasa-kwasai. Ka ga yarinya ta ba mai shagon kwamfuta lambobin sirrinta, ya cika mata yadda ya ga dama, sai ranar jarrabawa ta tarar babu sunanta. Haka neman ɗaki. Gadajen hostel ba sa isa, dole wasu su kama haya a Gida Dubu ko Yalwawa, dillali kuma yana ganin baƙuwar fuska ya san kasuwa ta buɗe. Ga bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, wanda babu ruwa a kansa, amma da yawa ba su san ta inda ake nema ba, wasu kuma a gida an ce musu riba ce kawai, ba wanda ya zauna ya karanta sharuɗɗan.

Sai wadda ba ma son faɗa. A 2019 BBC ta fitar da binciken Kiki Mordi a kan malaman da ke neman ɗalibai mata da maki, a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. Muka kalla muka ce Allah ya kyauta, kamar abin na can kudu ne kaɗai. Ni ban ce ga wani malami a wata makarantar Jigawa ba. Abin da na ce shi ne, yarinya 'yar shekara 17 da aka yi wa tarbiyyar kada ta ɗaga ido ta kalli babba, in wani ya ce ta same shi ofis bayan la'asar, wa za ta gaya wa? Babanta? Ta san amsar: "Tattaro kayanki ki dawo gida." Shi ya sa take yin shiru. Dole a gaya mata tun ranar farko cewa ba a shiga ofis ita kaɗai, a ajiye saƙonnin waya kada a goge, kuma ga ofishin kula da harkokin ɗalibai, ga Anti wance da za ta raka ta.

Shawarata ba sabuwa ba ce. Duk wadda ta yi makarantar kwana ta san uwar ɗaki, babbar da ke riƙe ƙarama, ta tsare mata kwanonta da bokitinta. A Amurka ma ƙungiyoyin ɗalibai mata, irin Alpha Kappa Alpha da baƙaƙen fata suka kafa a Jami'ar Howard a 1908, an san su da haɗa sabuwa da babbar da za ta ja ta. Mu da muke da abin a al'adarmu, sai muka bar shi a ƙofar sakandare. A haɗa kowace sabuwa da 'yar aji uku ta sashensu, ba 'yar aji huɗu ba, don ita furojet ya sha mata kai. Mutum biyu ko uku ga kowace babba, su haɗu sau ɗaya a mako har zangon farko ya ƙare. Ko sisi ba a kashewa.

Amma fa a kula, uwar ɗaki a sakandare wani lokaci wanki da ɗebo ruwa take sa 'yar ɗakinta. Wannan kam kada ya biyo mu. Kuma kada riƙon ya koma leƙen asiri, yau an ga wance da wane, gobe labari ya isa garinsu. In ƙarama ta gane maganarta tana yawo, ba za ta ƙara buɗe baki ba.

Wani zai ce ai hukumar makaranta tana shirya taron wayar da kai. Tana yi, amma mutum ɗari-ɗari a zaure guda, lasifika na ƙara, wace yarinya ce za ta ɗaga hannu ta ce kuɗin abincinta sun ƙare?

Kuma don Allah a tuna da waɗanda ba Musulmi ba da waɗanda ba sa jin Hausa. Jami'ar tarayya ce, tun da aka kafa ta a 2011 ake turo yara daga ko'ina. Yarinyar da ta zo daga Binuwai ba ta san zafin watan Afrilu a Dutse ba, ba ta san kuɗin adaidaita daga tasha ba, kuma baƙuwarmu ce.

Amirori da shugabannin mata, ina jiran ku a ƙasa. Wadda ƙungiyarsu ta riga ta fara irin wannan ta gaya mana yadda suka tsara shi.