Filin Gado Ba Kuɗin Kyamara Ba Ne

Wani yaro ya zo yana son mayar da littafina fim, wai zai sayar da filin gadonsu ya sayi kyamarar miliyoyi. Na ce haba ɗan nan, wa ya zuga ka? Turmin Danya da 'yan Tumbin Giwa suka yi a Kano a 1990, ai da kyamarar kaset aka ɗauke shi. Je ka nemi Canon 600D ta hannu, ka gwada batirinta kafin ka biya, ragowar kuɗin ka sayi makirufo. Ɗan kallo zai jure hoto mai dishi-dishi, amma in bai ji abin da jaruma ke faɗa ba, tashi zai yi. Na ce in ya taɓa filin nan, littafina ya fi ƙarfinsa.